Amsa ga ɗan'uwan da ke son cin bashi ya yi mastas a waje don ya dawo ya zama lakcara

Wa alaikumus salam. Ƙanena, na ga tambayarka tun jiya, na bari ne sai na samu natsuwa. In na fahimce ka daidai, ka gama digiri da sakamako mai kyau, ka yi bautar ƙasa, yanzu wata jami'a a Ingila ta ba ka gurbin mastas, kuma akwai kamfanin da ya ce zai ba ka bashin kuɗin makaranta da dala, kai kuma burinka ka dawo gida ka koyar a jami'a. Kana tambaya ko albashin lakcara zai iya biyan bashin. Ni na daɗe ina wannan aiki a wata jami'ar tarayya, kuma amsata a taƙaice ita ce ba zai iya ba, ko kusa. Amma bari in buɗe maka lissafin don kar ka ce ko ina maka baƙin ciki ne.

Mu ɗauka ka ci bashin dala 30,000, wanda ga mastas na shekara ɗaya a Ingila ba wani abu mai yawa ba ne in ka haɗa kuɗin makaranta da haya da abinci da biza da kuɗin lafiya da ake biya tun kafin a tafi. Mu ce ruwan bashin kashi 12 cikin ɗari a shekara, za ka biya cikin shekara 10. Duk wata sai ka fitar da wajen dala 430, kuma kafin ka gama ka biya sama da dala 51,000. To a farkon 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, dala 430 ɗin nan ba ta kai naira dubu 200 ba. Da aka saki naira kasuwa ta yanke farashinta a watan Yunin shekarar, kafin a je ko'ina a 2024 dala ta haura 1,500, wato wannan dala 430 ɗin dai ta koma sama da naira dubu 600 a wata, alhali ba ka ƙara cin ko sisi ba. Albashinka kuwa naira ne, kuma ba ya bin dala in ta tashi. Nan ne matsalar take gaba ɗaya, sauran duk ƙarin bayani ne.

Yanzu ga abin da za ka tarar in ka dawo. Mai mastas a matakin mataimakin lakcara ake ɗaukarsa, ko a Landan ya yi ko a Zariya ko a Sakkwato, tsarin albashin ɗaya ne, babu wani ƙarin da ake wa wanda takardarsa ta fito daga waje. Mutane da yawa ba su san wannan ba wallahi, suna ganin kamar za a ɗaga su sama ne saboda sun je Turai. Mai digirin digirgir shi ake ɗauka a lakcara mai daraja ta biyu, daga nan mai daraja ta ɗaya, sai babban lakcara, sai mataimakin farfesa, sai farfesa, kuma tsakanin kowane mataki aƙalla shekara uku ne, shi ma sai in ka wallafa takardun bincike da suka isa, kuma kuɗin wallafar yawanci daga aljihunka zai fita. Lokacin da na fara, abin da ke shigo min a wata bai kai naira dubu 150 ba. An yi ƙari bayan nan, amma ka je ka samu wani ƙaramin lakcara da kuke ɗasawa ka ce ya nuna maka takardar albashinsa ta wannan watan, bayan an cire haraji da fansho da kuɗin ƙungiya, ka ajiye ta kusa da dubu 600 ɗin can ka kalla da idonka.

Sannan ko albashin ma ba kullum yake da tabbas ba. A 2022 ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, ta shiga yajin aiki daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata takwas, gwamnati ta ce ba aiki ba albashi. Na ga abin da idona. Akwai abokin aikinmu, mutum mai iyali, da ya sayar da motarsa ya koma hawa adaidaita, wata rana muka haɗu a bakin kasuwa yana tayin rabin kwanon shinkafa, da ya hango ni sai ya yi kamar waya yake amsawa. Shi ba ma mai bashin waje ba ne. To ka ɗauka kai ne a wannan halin kuma ga kamfani a wata ƙasa yana turo maka saƙo duk wata, su ba ruwansu da yajin aiki, ruwan bashin ma ƙaruwa yake yi.

Ga kuma wani abu da ba ka ambata ba: shin ka ma samu aikin? Don ba a shiga jami'a haka kawai saboda mutum ya riƙo takarda. Sai an samu gurbi, sai an samu izinin ɗauka daga sama, wani sashen sai ya yi shekaru bai ɗauki ko mutum ɗaya ba. Na san masu mastas na waje da suka dawo suna koyarwa a makarantun kuɗi na sakandare suna jira.

Maganar ruwa kuma ban tsallake ta don ba ta da muhimmanci ba, na san ka san hukuncin riba, wannan tsakaninka ne da malamanka. Na dai nuna maka ne cewa ko an ajiye wannan gefe, lissafin kansa bai fita ba.

To me za ka yi? Hanyar da yawancinmu muka bi ita ce a fara shiga sannan a yi karatun. In kana da sakamako mai daraja ta ɗaya ko ta biyu babba, ka riƙa zuwa sashenku, ka gaisa da malamanka, su san kana nan kuma kana so, don idan za a ɗauki mataimaka masu digirin farko su ake fara tambaya. Kafin nan ka sayi fom ɗin mastas a gida, ABU ko BUK ko Danfodiyo ko Maiduguri, duk wadda ta fi ƙarfi a fanninka. Eh, na sani, mastas ɗin gida yana ja, abin da aka ce wata 18 sai ya ci shekara uku, wani lokacin mai duba aikinka ya riƙe babi ɗaya wata da watanni. Wannan gaskiya ne kuma yana da ciwo. Amma kuɗin da za ka kashe naira ne, kuma kana iya haɗawa da ɗan aiki ko kasuwanci. In ka zama ma'aikaci kuma, akwai tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, na ƙaro karatun malamai, ga albashinka yana tafiya kana karatu, abin da za ka yi kawai shi ne ka sa hannu cewa za ka dawo ka yi musu aiki na wasu shekaru. Sun dakatar da ɓangaren tura mutane waje daga farkon 2025, saboda tsadar dala da kuma waɗanda suka tafi suka ƙi dawowa, amma na cikin gida yana nan. Ka lura da wannan da kyau: hukumar da take da kuɗin harajin ilimi a hannunta ita ma dala ta sa ta ja baya, balle kai.

Na ga wani ya ba ka shawarar ka nemi bashin NELFUND, asusun gwamnati na ba ɗalibai bashin karatu. Shi wannan bashi ne mai sauƙi gaskiya, ba ruwa, an sa hannu a dokarsa a Afrilun 2024, ana fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa kuma kashi 10 na albashi ake cira. Amma na ɗaliban makarantun gwamnati ne na cikin gida, ba zai kai ka Ingila ba. Ga ƙannenka da ke digirin farko dai, wannan ban hana ba, don bashin naira ne kuma gwargwadon samunka ake cira.

In kuma zuciyarka ta kafe sai waje, toh ka nemi tallafin karatu, wanda wani zai biya. Akwai Commonwealth da Chevening na gwamnatin Birtaniya, shi Chevening ɗin wanda sharaɗinsa ma shi ne ka dawo gida aƙalla shekara biyu, ka ga ya dace da kai, akwai PTDF na gwamnatin Najeriya in fanninka ya shafi mai da iskar gas, akwai DAAD na Jamus. A Jamus ɗin ma yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu, sai dai za a ce ka nuna kuɗin zama na shekara a asusu, wanda ya haura yuro 11,000. A Amurka kuma digirin digirgir a jami'o'i masu ƙarfi, musamman ɓangaren kimiyya da injiniya, su suke yafe maka kuɗin makaranta su kuma ba ka alawus kana taya su koyarwa ko bincike, kuma da yawansu suna ɗaukar mai digirin farko kai tsaye ba sai da mastas ba, shekara biyar zuwa shida ne dai. Neman yana da wahala, za a ƙi ka sau da yawa, amma wahalar rubuta takardu ce.

Wanda kawai na ga bashin nan ya yi wa daidai shi ne wanda ya karanta abin da ake nema a can, ya zauna ya yi aiki ana biyansa da fam ko dala har ya biya. Wannan wata rayuwa ce daban, ba ita ka ce kana so ba, kuma ita ma ba tabbas, don izinin zama bayan karatu ɗan lokaci ne kuma dokokinsu canjawa suke. In kana da mata ma ka sani tun Janairun 2024 Ingila ta hana masu mastas na aji, wato wanda ba na bincike ba, tafiya da iyali.

Kar ka ji na yi ta kawo matsaloli ka ɗauka aikin ba shi da daɗi. Yana da shi. Akwai mutunci, akwai lokacin kanka, farfesa sai ya kai shekara 70 yake ritaya, in ka girma akwai koyarwar ziyara a wasu jami'o'in da hutun shekara da ake zuwa wani wuri a yi aiki. Sai dai duk waɗannan a gaba suke, shekarun farko kam a matse ake yin su ko babu bashi.

Ka faɗa mana fannin da ka karanta da matakin sakamakonka, don shawarar mai lissafi ko kwamfuta daban take da ta mai tarihi ko Hausa. Kuma kar ka biya kuɗin riƙe gurbin nan tukuna, ka rubuta musu ka tambaya ko za su ɗaga maka shi zuwa baɗi, jami'o'i da yawa suna yarda.