Kafin ka maka maƙwabta a kotu kan ƙanwarka

Malam, na karanta saƙonka. Ka ce ƙanwarka da 'yan Boko Haram suka sace a Gwoza a 2014 ta kuɓuta, ta zauna a cibiyar Bulumkutu ta Maiduguri, inda ake kula da waɗanda suka kuɓuta, yanzu tana wajenka a Hotoro da ɗanta, mai gidan haya ya ba ka notis, matan layi sun hana yaransu wasa da yaron, kai kuma so kake ka kai kowa kotu tunda a cewarka gwamnati ta yafe mata.

To a nan gyaran yake. Takardar sallamar da aka ba ta a cibiyar, in dai irin wadda nake zato ce, ba afuwa ba ce. Afuwa shugaban ƙasa ke yin ta a sashe na 175 na kundin tsarin mulki, ko gwamna a sashe na 212. Abin da ke kare ta shi ne babu kotun da ta kama ta da laifi, kuma wadda aka tafi da ita da bakin bindiga ba ɗaya take da wanda ya bi su da ƙafarsa ba. Amma dokar ta'addanci ta 2022 tana da faɗi sosai, don haka kar ta riƙa ba kowa labarin zamanta a daji, in jami'an tsaro sun neme ta kuma ta je da lauya.

Sashe na 41 na kundin tsarin mulki ya ba ta damar zama ko'ina a Najeriya, mai unguwa ba shi da ikon korar ta. Sai dai wannan bai tilasta wa mai gida ci gaba da ba ku haya ba. In notis ɗin ya cika ƙa'ida, galibi wata shida ne ga mai biyan shekara sai in yarjejeniyarku ta ce wani abu daban, to zai yi wuya ka hana shi gidansa. Amma cire ƙofa ko watso kaya waje ba umarnin kotu, wannan bai isa ba, duk da wasunsu gani suke su ne doka.

Ƙarar ɓata suna tana iya yiwuwa, amma lauyansu zai tsayar da ita gaban jama'a ya tambaye ta waye uban yaron nan. Za ta iya ɗauka? Ita ya kamata ka tambaya, ba zuciyarka ba.

Da za ka bi tawa, ka fara da liman da mai unguwa a zauna da mazan gidajen, in abin ya ƙi ku je wajen sulhu na Hisbah. Ka adana asalin takardarta, kwafi kawai za ka riƙa nunawa, notis ɗin kuma kawo min in ga kwanan watan da ke jiki.