Ka hana yaranka hira, aiki ya tsaya

Tambaya: Malam, ina da shagon gyaran janareta da yara shida. Kullum da safe sai sun ɓata kamar minti 40 suna hira da makanikan wasu shaguna, ga kuma zauren WhatsApp ɗinsu. Na hana duka. Wata uku ke nan, amma aiki sai ƙara taruwa yake. In sallami biyu in sayi na'urar gano matsala? An ce cikin wata shida za ta ninka mini riba.

Amsa: Ɗan'uwa, bar zancen ninka riba, mai son sayar maka da na'ura ne ya faɗa. Kai da hannunka ka toshe rijiyar da yaranka ke sha.

Me kake tsammani suke faɗa a hirar nan? Rabi shirme ne, na yarda. Sauran rabin kuwa: wane inji ne ke yaudara da ƙara kamar fiston alhali matsalar na wani wuri, wane dila ne ya shigo da jabun kaya, wa ke da kayan aikin da za a ara na awa ɗaya. Babu littafin da ya rubuta wannan.

A shekarun 1980 wani mai bincike, Julian Orr, ya bi masu gyaran injinan kwafi na kamfanin Xerox a Amurka. Ya tarar idan littafin umarni ya gaza, labaran da suke ba juna lokacin hutu ne ke fitar da su. Xerox bai hana hirar ba. A shekarun 1990 ma sai ya gina rumbun bayanai na kwamfuta mai suna Eureka don masu gyara su riƙa zuba dabarunsu.

Yi lissafi. Minti 40 na yara shida awa 4 ne a rana, kuma su kake gani suna tafiya, shi ya sa suke maka ciwo. Amma inji ɗaya da ya gagari yara biyu kwana uku, in ana aikin awa 8 a rana, ya cinye awa 48, alhali wani a zauren ya taɓa gyara irinsa.

Na san wani mai shago da ya yi irin taka, har da ƙwace wayoyi. Ranar da babban aiki ya faɗo masa yana neman aron hannu, babu makanike ɗaya da ya amsa kiransa. Yaron da ya fi ƙwarewa shi ya fara tafiya, jama'arsa suka bi shi.

Na san tsoronka, kada a janye maka kwastomomi. To, lambobinsu da farashinka su zauna a littafinka, wannan kaɗai ne sirri. Gobe ka ɗage dokar, ka ce hira ta ƙare kafin a buɗe shago. Ka sayi littafi guda, duk dabarar da aka samo daga waje a rubuta ta da sunan wanda ya kawo. In an tambayi yaranka a zauren, su amsa, don wanda ba ya bayarwa ba a daɗe ana ba shi. Kada ka sallami kowa sai ka ƙirga injinan da suka fita nan da wata biyu.