In Sayi Kayan Fatsar Ƙuda Don Kogin Kaduna?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga bidiyon Turawa a Amurka tsaye cikin kogi suna wurga zare, suna kamo manyan kifin tirawut mai jan zane a gefe kamar bakan gizo. Abin ya shiga raina. Ɗan'uwana zai dawo daga Ingila, in ce ya sayo mini kayan? Daga wani mai karatu a Unguwar Rimi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka dakata da saƙon tukuna. Irin tirawut ɗin da ka gani kifin ruwan sanyi ne, asalinsa kogunan yammacin Amurka ta Arewa. Ya fi walwala a ma'aunin zafi 10 zuwa 16, in ruwa ya kai 25 kuwa mutuwa yake yi. Kogin Kaduna ba gidansa ba ne. A Afirka sai wurare masu sanyi irin tsaunukan Kenya, Lesotho da Afirka ta Kudu, inda Turawa suka kai shi.

Amma dabarar ba ta ɓaci ba. A wannan fatsa, wato fatsar ƙuda, ba tana ake sa wa ƙugiya ba, gashin tsuntsu ake naɗa mata ta yi kamar ƙwaro ko ɗan kifi. Ba ta da nauyi ko kaɗan, zaren mai kauri ne ke ɗaukarta ya kai ta nesa. Tsage na kai mata cafka kamar mayunwaci, karfasa ma takan taɓa.

Saboda haka kada ya sayo sandar tirawut mai lamba 5, ta yi laushi (lambar ce ke nuna ƙarfin sandar fatsa). Ya nemi lamba 8 ko 9, tsawon ƙafa 9. Zaren kuma lallai ya zama na ƙasashen zafi, don na ƙasar sanyi in ya sha ranar Maris sai ya yi laƙwas kamar taliyar da ta dahu ta wuce. Ya haɗo da siririyar waya ta bakin ƙugiya, haƙoran tsage reza ne. Wandon roba mai zuwa ƙirji kuwa, ni dai ba zan zuba kuɗina a kansa ba, gumi zai jiƙa ka kafin ruwa.

Kada ka gwada a Agusta, ruwan ya cika ya yi ja, kifi ba ya ganin komai. Bari sai Disamba in ruwan ya lafa, ka sami wani masunci a Kabala ya nuna maka gurbin tsage.