Hukuncin zuwa kallon ƙwallon ƙananan kulob da ɗaukar hoto

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni mutum ne mai son ɗaukar hoto, ranar hutu nakan ɗauki kamara in tafi filin wasa in kalli ƙananan kulob ɗin nan na ƙasan lig waɗanda ko talabijin ba ta nuna su, ba na goyon bayan kowa, in an tashi in zaɓi hotuna masu kyau in sa a Facebook. Wani abokina ya ce min haramun biyu nake haɗawa, kallon ƙwallo da kuma hoto. Dan Allah Malam meye gaskiyar magana?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. To abokin naka ya yi gaggawa, kalmar haramun ba a jefa ta haka kawai.

Kallon wasa asalinsa halal ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Habashawa sun yi wasa da mashi a cikin masallaci, Annabi (SAW) ya tsaya ya kare Nana Aisha (RA) tana leƙe ta bayansa har sai da ita da kanta ta gaji. Ka ga kenan tsayawa kallon masu motsa jiki ba laifi ba ne a karan kansa, abin da ke biyo bayansa ne ake dubawa. Kuma rashin goyon bayan da ka ambata ni a wajena ya sauƙaƙa maka, domin mafi yawan sharrin da ke cikin ƙwallo daga nan yake shigowa, zagin alƙalin wasa da uwarsa, gaba da ɗan'uwa saboda fenariti, jifa bayan an tashi. Kai da za ka tafa wa duk wanda ya ci ƙwallo mai kyau ka huta da wannan.

Sallah dai ba wasa. Minti 90 ne da hutun rabin lokaci na minti 15, in ka haɗa da tafiya da dawowa sau da yawa sai La'asar ko Magariba ta faɗo a ciki, Allah kuwa ya ce a Suratun Nisa'i aya ta 103 sallah farilla ce mai ƙayyadadden lokaci a kan muminai. Ka tafi da alwalarka, minti 15 ɗin nan ya ishe ka raka'a huɗu.

Batun hoto kuma akwai saɓani na gaske, ba zan ɓoye maka ba. Hadisin da ke cewa masu yin sura, wato zana ko sassaƙa siffar abu mai rai, suna daga mafi tsananin azaba ranar ƙiyama ingantacce ne, su Shaikh Ibn Baz da Albani sun shigar da hoton kamara cikinsa sai dai in da lalura kamar fasfo. Amma Shaikh Bakhit al-Muɗi'i, Muftin Masar da ya rasu a 1935, ya ce kamara kama inuwa take yi ba ƙirƙirar sura ba, Shaikh Ibn Usaimin ma ya tafi a kan cewa hoton nan take wanda hannu bai zana ba bai shiga hadisin, sai a duba manufar ɗaukarsa. Wannan na biyun shi na fi natsuwa da shi, domin dalilin hanin da hadisin ya ambata shi ne kwaikwayon halittar Allah, kai kuwa ba ka tsara hanci ko ido ba, haske ne ya shiga gilashi ya fito da abin da Allah ya riga ya halitta. Wanda ya bi ra'ayin farko ya bar hoto ba a zarginsa, shi ma kar ya zarge ka.

Inda na fi so ka tsaya ka yi tunani shi ne abin da ke shiga cikin hoton. 'Yan ƙwallo da gajeren wando suke wasa. Jumhur, wato mafi yawan malamai, sun ce cinya al'aura ce saboda hadisin Jarhad, akwai kuma hadisin Anas na ranar Khaibar da cinyar Annabi (SAW) ta bayyana, shi ya sa Bukhari ya ce na Anas ya fi ƙarfin isnadi, na Jarhad ya fi kiyayewa. A Risala ma Ibn Abi Zaid cewa ya yi cinya al'aura ce amma ba kamar al'aurar kanta ba. Don haka mai kallo daga nesa da idonsa ke bin ƙwallo ina ganin akwai sauƙi a kansa. Mai kamara daban ne, shi zumin yake yi, wato jawo abu kusa da kamara, ya tsayar da daƙiƙa ɗaya ta zauna har abada, ɗan baya ya kwanta ya yi sulu ya tare ƙwallo wandonsa ya tattare har sama, ido bai ma lura ba amma kamara ta kama tsaf. Irin wannan goge shi za ka yi, ko ka yanke hoton daga ƙugu zuwa sama.

Sannan a ƙananan filayen nan kana dab da mutane, kana jin numfashin mai tsaron gida, 'yan kallo ba su da yawa kowa fuskarsa na fita sarai. Kar ka juya kamara kan matan mutane da yaransu ba izini, kar ka ɗauki wanda ya karye yana kuka, ko gola da ƙwallo ta bi ta tsakanin ƙafafunsa ka sa don a yi dariya, yawancinsu ba albashin kirki suke samu ba, wasu gobe da safe wurin aikinsu za su koma a yi ta nuna musu hoton. Suratul Hujurat aya ta 11 ta hana izgili. In kulob ya ce ba a shiga da babbar kamara sai da izini to ka nema, musulmi suna kan sharuɗɗansu.

Abu ɗaya ne zan ce maka haramun kai tsaye, caca. Kamfanonin bet suna biyan mutane su zauna a irin waɗannan wasannin da ba a haskawa suna tura musu bayani nan take, an yi bugun kwana, an ba da jan kati, an ci. In wani ya ga kullum kana filin ya ce zai riƙa biyanka ka turo masa irin wannan, ko ya sayi hotunanka don tallar bet, kar ka karɓa, taimakawa ne a kan abin da Suratul Ma'ida aya ta 90 ta haramta. Sayar wa kulob ɗin ko jarida ko ɗan wasan kansa kuwa babu laifi, kuɗinka halal ne.

Allah ne mafi sani.