Man shafawata ya fi nasu kyau amma ba a ɗauka

Tambaya: Salamu alaikum Tanti, ina wuni ya gajiya. Ni man shafawa nake haɗawa a gida, man kaɗe da ɗan man kwakwa da turare, ina kai ma masu tebur a kasuwar Dole, wallahi duk wadda ta shafa sai ta yaba amma in an jera shi kusa da na Kano ba mai ko kallon nawa. Kalar takardar da ke manne jikin robar zan canza ko ya zan yi? Ga hoto nan na turo.
Ƙanwarki daga Garin Malam

Amsa: Wa alaikissalam ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Na duba hoton da kyau, ni ba kalar ce ta dame ni ba, robar ce. Murfin dannawa gare ta, ga maiƙo ya jiƙa takardar har sunan ya dushe. Kin san zafin Damagaram, Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40, shi kuwa man kaɗe ko ɗumin tafin hannu narkar da shi yake balle ya wuni a tebur cikin rana, sai ya tsiyaye ƙura ta manne, in ya sake daskarewa a hankali kuma ya yi tsaki-tsaki kamar da yashi a ciki, to wace mace za ta ɗauki abin da zai ɓata mata jaka da mayafi?

Ki nemi roba mai murfin murɗawa, mai faɗin baki yadda yatsa zai kai ƙasa. Kafin ki sayi da yawa ki cika guda, ki kife ta a rana wuni ɗaya ki gani. Ki roƙi mai teburin ya aje miki a inuwa.

Ki yi ƙarama ta dala 20, wato sefa 100, saboda mai son gwadawa, ba kowa ke iya fidda dala 200 a abin da bai sani ba. Suna kuma na Hausa, gajere, da boko da ajami, don iyayenmu da yawa ajamin suka fi ganewa, sai lambar wayarki a ƙasa.

Abu guda nake roƙonki don Allah, kar ki rubuta "yana sa fari" ko da kin ga masu rubutawa suna ciniki. Naki maganin kaushi da faso ne, shi za ki faɗa, ki shirya kayanki kafin hunturu ya shigo.