Hoton amarya na rawa shi kaɗai: tambayoyinku kan kifirem

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa hotunan biki su zama bidiyo a CapCut. Na sa hoton amarya ya riƙa matsowa a hankali, amma da na kunna sai ya matso, ya ja baya, ya karkace, kamar fasinjan danfo a kan gargada. Ko wayata ce ta samu matsala? Daga mai ɗaukar hoton biki a Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam. Wayarka lafiyarta ƙalau, kada ka kwashe ta zuwa kasuwar wayoyi ta Computer Village a karɓe maka kuɗi a banza. Laifin na yatsanka ne, amma manhajar ma ba ta fita ba.

Kifirem turke ne da kake kafawa a kan layin lokaci, wato layin da ake jera hotunan bidiyo a kai, kana cewa a wannan daƙiƙa ga inda hoto zai tsaya, ga girmansa, ga karkatarsa. Ka kafa wani a gaba, manhaja ta cike tsakani. Bidiyo jerin hotuna ne masu wucewa da sauri, kowanne ana kiransa firem. Hoto mai daƙiƙa 5 a bidiyo mai firem 30 a daƙiƙa, firem 150 ke nan. Kai biyu kacal ka tsara, sauran 148 lissafin manhaja ne. Matsowa a hankali turke biyu take buƙata: na farko girman hoto 100 bisa ɗari, na ƙarshe 115 ko 120. Ban ga aikinka ba, amma na tabbata naka sun haura biyu.

Ga yadda suke haihuwa. A CapCut, da zarar ka taɓa alamar lu'ulu'un nan, wato maɓallin kafa kifirem, sau ɗaya, duk inda farin layin tsaye mai nuna daƙiƙar da kake kai yake, in ka ja hoton ko ka matse shi da yatsu biyu, manhajar za ta kafa sabon turke a wurin, ba sallama ba neman izini. Ka tsaya a daƙiƙa ta 2, ka ga goshin amarya ya kusa fita, ka ɗan sauko da hoton, a zatonka hoton gaba ɗaya ka gyara. Ina! Wannan daƙiƙar kaɗai ka gyara. Hoton zai sauko zuwa wurin, sannan ya koma inda turken ƙarshe ya ce. Yi haka sau uku, amarya ta fara rawa tun kafin makaɗa su iso.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, manhajar kirki bai kamata ta bar mutum cikin duhu haka ba. Kamata ya yi ta bambanta gyaran hoto ɗungurungum da gyaran turke guda. Ta nuna wane turke ne na girma, wane ne na matsayi, ta kuma ba ka kibiyar tsallakawa daga wannan zuwa wancan daidai, ba lalube da yatsa ba. After Effects, na haɗa bidiyo a kwamfuta, haka yake yi, kowace sifa da layinta da ɗan agogonta, sai ka kunna agogon take fara ajiye turke. Premiere Pro, shi ma na kwamfuta, har gargaɗi yake yi kafin ya goge maka su idan ka kashe agogon. A waya kuwa an cusa komai cikin lu'ulu'u ɗaya, wai don sauƙi. Kuskuren firem biyu wajen tsayar da layi ya isa ka samu turke biyu manne da juna, hoton ya yi ɗan zabura, ka kwana kana neman dalili.

Gyara: taɓa hoton, buɗe layin lokaci da yatsu biyu har lu'ulu'an su rarrabu. Tsayar da layi a kan duk wanda ba ka gayyata ba, za ka ga alamar tarawa ta maɓallin ta koma ta ragewa, danna ka goge. Bar na farko da na ƙarshe. In kana son hoton ya tsaya daƙiƙa ɗaya kafin ya motsa, sai ka ƙara turke a nan mai lamba iri ɗaya da na farko. In motsin yana tashi da ƙarfi ya tsaya cak kamar an taka birki, shiga Graphs ka zaɓi lanƙwasar da ke farawa a hankali ta ƙare a hankali.

Kuma don Allah ka riƙe wannan tsari: jera hotuna, daidaita tsawonsu da kiɗa, gyara zaman kowanne, sannan kifirem a ƙarshe. Bayan haka hannunka ya bar kan hoton.

Tambaya: Na ƙara tsawon hoto daga daƙiƙa 5 zuwa 8, sai motsin ya tsaya a tsakiya. Daga wata mai sayar da atamfa a Idi-Araba.

Amsa: Hajiya, igiya kika ƙara, turke yana nan a daƙiƙa ta 5. Goge shi ki kafa sabo a ƙarshe. Masu After Effects su zaɓi turakun duka, su riƙe Alt, su ja na ƙarshen, duk za su miƙe tare.

Tambaya: Ina maɓallin kifirem yake a PowerPoint? Na duba ko'ina. Daga sakataren wata ƙungiyar 'yan tumatir a Mile 12.

Amsa: Daina duba, babu shi. Kwafi shafin, a kwafin ka matsar da hoton ko ka ƙara masa girma, ka sa masa Morph, wato salon sauyawa daga shafi zuwa shafi da ke cikin Transitions. Shafi biyun su ne turakunka. Sai dai PowerPoint ɗinka ya zama na 2019 zuwa sama, ko na Microsoft 365.

Tambaya: Duk lokacin da hoto ya matso sai ya yi dishi-dishi. Daga ɗalibi a Obalende.

Amsa: Hoton WhatsApp ne, ko? Ya riga ya matse shi kafin ya iso gare ka. Ka ce a sake turo maka shi a matsayin fayil, kuma kada matsowar ta wuce 120.