Wa ya ƙirƙiro maɗaurin Velcro?

Tambaya: Malam, wa ya ƙirƙiro maɗaurin nan na takalmin yara da ke yin "ƙyarr" in an ɓalle shi? Me ya sa kuma yake daina kamawa? Daga wata mai karatu a Damagaram.

Amsa: Malama, aikin George de Mestral ne, injiniyan lantarki ɗan Suwizalan, mai son farauta, wanda aka haifa a 1907 ya rasu a 1990. A 1941 ya dawo daga daji, sai ya ga 'ya'yan wata ciyawa, kamar ƙarangiyarmu, sun manne wa tufafinsa da gashin karensa. Da ya duba su da madubin ƙara girma, ya ga ashe ƙananan ƙugiyoyi ne. Ya fara gwadawa da auduga, ta yi saurin lalacewa, ya koma zaren nailan. A 1955 ya samu takardar mallakar fasahar.

Ɓangare biyu ne: mai kaushi shi ne ƙugiyoyin, mai laushi shi ne zaren da suke sarƙewa a ciki. Yawanci gashi da ɓurɓushin zare ne ke cike ƙugiyoyin, shi ya sa yake daina kamawa. Ki tsefe su da tsohon buroshin haƙori, ki riƙa manne shi kafin wanki. Kada dutsen guga ya taɓa shi, nailan narkewa yake.